Kashi na Gaba, Ƙirar Mubi

Ina farawa da sunan Wanda ba ya mantuwa. Ni kam na soma yinta, shi ya sa nake son in sauke wannan labari tun bai zube mini a hanya ba. Na yi yawon karatu a garuruwa da dama, wasu har sunayensu sun tafi sun bar ni da ɗanɗanon ruwan rijiyarsu kawai. Amma duk inda na shimfiɗa buzuna ban taɓa ganin mai dogon buri a kan abin da ba a ƙera ba tukuna kamar Murtala na unguwarmu a Mubi ba.

Abin ya faru a shekarar da muka dawo daga gudu, ko wadda ke bi mata. Na dai san damina ta kusa, don gwiwoyina sun riga sun faɗa mini.

Murtala saurayi ne da samartaka ta wuce shi bai sani ba. Aikinsa gem, wato wasan nan da ake haɗa wani ɗan akwati da talabijin, mutum ya riƙe wani abu mai maɓallai da suke kira fad, yana latsawa, motoci suna tsere a cikin gilashi. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Mata suka goya 'ya'ya, ni na rungumi gafakata, Murtala kuwa ya ɗora akwatin gem a ka har bakin iyakar Kamaru, ya bar takalmansa a ƙofar ɗaki. Da aka dawo sai ya ce shi ba gudu ya yi ba, ja da baya ne na dabara, irin wanda ake yi a gem kafin a kewayo abokin gaba ta baya. Kewayowar ce dai ba wanda ya gani.

Kullum da hantsi yana teburin Sali mai shayi yana wa'azi. Masu ƙera wasan, can ƙasar Japan, duk shekara sukan fitar da sabo, abin da Murtala ke kira kashi na gaba. Ya ce duk wani abin kirki da ke cikin sababbin daga bakinsa suka ji. Shi ya ce a sa ruwan sama a hanya, ba a daɗe ba ga ruwan sama. Shi ya ce a sa madubin gefe, ga madubi. Sali ya tambaye shi wa ke kai maganar teburin shayi har Japan. Murtala ya ɗaga kai ya dubi eriyar waya da ke bayan masallaci, ya girgiza kai, irin na wanda aka cuta ya bar wa Allah.

Duk da haka bai fasa ba su shawara ba. Ya ce titin da ke cikin gem mai santsi ne kamar faranti, wannan kuwa ƙarya ce. Yana son kashi na gaba ya zo da hanyar Mubi zuwa Michika da duk ramukanta, da karyayyar gada da dole a gangara a bi ta cikin mayo, wato rafi, da shingen bincike inda fasinja za su sauka su taka da ƙafa. Yana son garken shanu ya ratso titi ana tsakiyar tsere. Shi ma akwatin ya daina mutuwa in an ɗauke wuta, ya riƙa ajiye ta a ciki yadda raƙumi ke ajiye ruwa. Fad ɗin kuma ya san hannun mai shi, in baƙo ya ɗauka ya ja shi. Amma babban burinsa shi ne mutum ya ji wasan a jikinsa: in mota ta faɗa rami kujera ta girgiza, in ta yi gudu iska ta buge fuska, in an yi ruwa a gilashi a jiƙe a ɗaki.

Maƙwabta ma sukan sa baki. Sali ya ce shi a yi wanda zai kori mutum daga benci in ya gama shan shayinsa. Ezekiya, wani dattijon manomi mutumin Betso da ke kawo gyaɗa kasuwa, ya ji an ce in mota ta kife a gem akan danna maɓalli ta dawo sabuwa. Sai ya ce in sun ƙera wanda ke dawo da shanun noma a aika masa. Ni kuma da aka ce akwai ɗan ƙarfe da ake sokawa a akwatin yana tuna masa inda ya tsaya jiya, na ce a tambayo mini ko suna da na tsofaffi.

To, ga inda magana ta zama ta gaske. Murtala yana da kawu, Alhaji Alhassan mai yadi, mutum mai nauyi a jiki da a magana. Tafiyarsa kamar ta wanda ke ɗauke da ƙwaryar nono cike. Sau ɗaya tak aka taɓa ganinsa yana gudu a duniya, kowa kuma ya san ranar. Yana da jerin shaguna a lungunmu, wuta ta cinye su lokacin tashin hankali, sai ɗaya da ya tsira da rufinsa. Mutum biyu ke neman wannan shago. Murtala yana son ya buɗe gidan gem. Ɗayar ita ce Dorathy, wadda muke kira Maman John, mutuniyar Michika, mai injin niƙa a gindin dogon yaro. Ita ba ta da wa'azi. Ta ce kawai ruwa na zuwa, in ya sauka a kan injinta da garin mutane, ita da 'ya'yanta sun tashi.

Alhaji ya ce lungun ya mutu tun da aka dawo, wanda sana'arsa za ta jawo jama'a shi zai ba mabuɗi.

Murtala ya ce, "Kawu, injin niƙa kowace unguwa akwai shi. Abin da zan kawo ko Japan babu."

"To me ya hana Japan?"

"Ba su ji ba tukuna. Na daina faɗa kusa da eriya."

Alhaji ya dube shi, ɗan ƙanwarsa ne, ba yadda zai yi. Ya ce a haɗa abin kafin ruwan farko, shi da kansa zai zauna a kai. In ya tashi da daɗin rai, shago na Murtala ne.

Kujera ba ta yi wuya ba, ya samo tsohuwa ta wani mai aski. Abin da zai girgiza ta ne babu. Ya zagaya gari ya dawo, bai ga abin da ke rawar jiki a unguwar nan kamar injin Maman John ba. Ya je wurinta da murmushin wanda ya zo yin alfarma, ya ce zai ba injinta damar shiga tarihi. Ta dubi sama, ta ga hadari ya soma taruwa ta gabas, ta ce ta yarda in har injin zai zauna cikin shagon, mata kuma su ci gaba da kawo niƙa da safe. Murtala ya dawo teburin shayi yana dariya, ya ce ya karɓe wa abokiyar gaba makaminta da bakinsa kawai.

Aka ɗauko inji da ƙyar aka shigar. Mai walda ya liƙa kujerar a kan ƙarfen da injin ke zaune. Murtala ya nemo Bakari, wani maharbi cikin 'yan bangan unguwa, don ya riƙa ja wa injin igiya yana ƙara masa wuta. Bakari ya yarda, don tun da gari ya lafa ba shi da abin harbi sai ƙuda.

Gwajin farko ina nan a kan tabarmata. Murtala ya hau kujera ya riƙe fad, Bakari ya ja igiya. Injin ya yi kuka, ya girgiza, sannan ya soma tafiya. A hankali ya taka ya fito ta ƙofa da Murtala a bisa, haƙoransa suna kaɗawa, ya ratsa lungu, bai tsaya ba sai da ƙafarsa ɗaya ta faɗa kwata. Murtala ya sauko yana karkaɗe riga, ya ce da ma yana son ya gwada gem ɗin da ke fitar da mutum shan iska, ya ga ya yi, amma sai a kashi na gaba.

Don kada inji ya sake yawo, ya haƙa ramuka a daɓen shagon, ya binne ƙafafunsa cikin siminti da duwatsu. Bai yi rowar siminti ba. Maman John ce ma ta riƙa ɗebo masa ruwan kwaɓi, ba tare da ya roƙe ta ba, har tana nuna masa inda ya rage. Da ya bushe ya kira mu muka gani, ya sa ƙafa ya tokari injin.

Ya ce, "Wannan ko giwa ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce."

Sai maganar iska. Ya ciro fankar wata ƙonanniyar mota, ya haɗa ta da bel ɗin injin, wato robar da ke juya shi, ya kafa ta daidai bakin da gari ke fitowa, tana fuskantar kujera. Da aka gwada, mata sun gama niƙan masara ke nan. Muka ji kukan inji, muka ji shiru, sai ga wani farin mutum ya fito, ido biyu kawai ke motsi. Awaki suka bi shi suna lasa. Ya ce wannan dusar ƙanƙara ce irin ta ƙasar Turawa, Japan sun daɗe suna neman yadda za su yi ta.

Ruwan sama kuwa Ezekiya aka ba. Yana da tankin feshin gona wanda ake goyawa a baya, ya wanke shi tas ya cika da ruwan rijiya. Sai dai Murtala ba ya son kawunsa ya gane akwai hannun mutum a cikin aikin. Saboda haka ya rataya labulen buhuna a bayan kujera, ya ɓoye Ezekiya da Bakari, ya huda wa bakin feshin ƙofa a sama. Tun da ba sa ganin talabijin, ya ƙulla musu alama. In ya yi tari ɗaya, Ezekiya ya saki ruwa. In ya yi biyu a jere, Bakari ya ƙara wuta. Bakari ya tambaya wace alama ce ta tsayawa. Murtala ya ce abin da aka yi da ilimi ba ya buƙatar tsayawa.

Kafin in kai ga ranar, akwai abin da baƙo zai so ya sani game da mu a wancan lokaci. Tun da muka dawo, kowane gida akwai ƙunshi a bayan ƙofa: 'yan tufafi, gari, bargo. Kuma mun koyi wata ƙa'ida da babu ita a kowane littafi da na karanta, cewa in ka ga ana gudu ka gudu, tambaya sai an tsaya. Ba wanda ke jin kunyarta. Waɗanda suka tsaya tambaya a wancan karon, da yawa ba su dawo sun ba mu amsa ba.

Ranar nuni ta zo, bayan azahar ne, ko la'asar. Da safiyar nan ana shirin suna a gidan wani maƙwabci, mata suka kawo barkono kwano-kwano aka niƙa na yaji. Maman John ta tari Murtala a ƙofa.

"Kai Murtala, bari na zuba dusa ya wanke ciki tukuna. Barkono ne aka niƙa, ba masara ba."

"Maman John, ke kin san niƙa, ni na san fasaha. Ɗan zafi-zafi ma ƙari ne."

"Kujera ɗin naka ne, kawu ɗin ma naka ne," in ji ta, ta koma gefe ta ɗaure hancinta da gefen ɗankwali.

Jama'a ta cika lungu, wannan kam ba a hana shi. Murtala ya sa wata jar riga, ya hau benci ya yi jawabi. Ya ce yau Mubi ta riga Japan. Ya ce wannan somin taɓi ne, a kashi na biyu za a sa ƙamshin tsire in mota ta wuce tasha, a na uku kuma mutum biyu za su yi tsere ɗaya yana Mubi ɗaya yana Yola ba tare da sun ga juna ba. Nan aka yi dariya, don an ga ya soma wuce gona da iri. Sannan ya ce Modibbo ya buɗe da addu'a, wato ni. Na ɗaga hannu, sai abin da aka taru dominsa ya kuɓuce mini. Na ga kujera, na ga Alhaji tsaye da babbar riga kamar mai shirin hanya, sai na karanta addu'ar matafiyi. Aka shafa. Daga baya mutane suka ce ban taɓa yin addu'ar da ta dace da wurinta kamar wannan ba.

Alhaji ya tattare riga ya hau. Aka ba shi fad, ya riƙe da yatsu kamar an miƙa masa dankali daga wuta. Aka tayar da ƙaramin janareto, mota ta bayyana a gilashi, Bakari ya ja igiya a bayan labule. Kujera ta soma rawa a hankali. Tumbin Alhaji ya ɗauka, kumatunsa suka amsa. Motar ta bugi shinge, ta koma ta bugi ɗaya shingen, kujera tana jijjiga shi.

Muka ga ya yi murmushi. Ya ce, da murya mai rawa, "Wallahi wannan hanyar Michika ce."

Murtala ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye idonsa a kan Maman John. A wannan ɗan lokaci shagon nasa ne, ni shaida ne.

Sai fanka ta ɗauki gudu, ta zuƙo abin da ke cikin injin. Wani jan hayaƙi siriri ya taso ya nufi fuskar Alhaji. Ya yamutsa hanci, ya yi tari ɗaya. Nan take ruwa ya sauko masa a hula. Ya ɗaga kai ya ga daga ina, barkono ya shiga maƙogwaro, ya yi biyu a jere. Bakari ya ƙara wuta. Fanka ta ƙara gudu, hayaƙi ya yi kauri. Murtala ya buɗe baki zai ce a tsaya, tari ya riga maganar fitowa, uku, huɗu, ban ƙirga ba. Bakari bai san hukuncin uku ba, sai ya ɗauka biyu ne da ɗaya, ya ƙara wuta ya kuma zunguri Ezekiya. Mu da ke bakin ƙofa muka kama namu. Shago ya zama kamar ɗakin masu mura, kuma kowane tari umarni ne. Ezekiya, mutum mai riƙon amana, yana ta matsa tanki, shi ma yana tari yana bin umarnin kansa. Ruwa ya haɗu da barkono a fuskar Alhaji ya zama miya. Kujera kuwa ta bar hanyar Michika, ta shiga wadda ba a taɓa yi ba.

Sai bel ɗin injin ya tsinke. Ya yi tsalle ya zabgi ƙofar kwano, ta yi wata ƙara da duk wanda ya zauna a Mubi a shekarun nan ya san irinta a cikin ƙashinsa.

Alhaji ya diro, ido a rufe, ba hula, takalmi ɗaya. Ya ratsa mu ya fita lungu da gudu. Shi randar alwala ta masallaci ya nufa ya wanke ido. Amma waɗanda ke can baya ba su ga kujera ba, ba su ga barkono ba. Sun ji ƙara, sun ga jan hayaƙi, sun ga Alhaji Alhassan yana gudu karo na biyu a rayuwarsa.

Ba wanda ya yi ihu. Lungu ya zube kamar an karkata tire. Sali ya bar tukunyar shayi a wuta. Matan gidan suna suka fito da ƙunshi a ka, mai jego a gaba da jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba. Lungu na gaba ya ga namu, ya bi. Masu keke suka juya ba fasinja. Ni ban san wanda ya ɗauke ni ba, na dai tsinci kaina a cikin baro ana tura ni, gafakata a ƙirji, ina ta ba mai turawar haƙuri. Alhaji kuwa ya gama wanke ido, ya buɗe, ya ga unguwa gaba ɗaya tana gudu. Mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya tattare riga ya bi bayansu.

A bakin mayo aka tsaya, don numfashi ya ƙare. Aka saurara, ba a ji komai ba sai kukan awaki. Sannan aka soma tambaya. Wannan ya ce shi wancan ya gani, wancan ya ce matan suna ya gani, matan suna suka ce Sali, Sali ya nuna Alhaji da ya iso a ƙarshe yana haki, ido ja wur.

Aka ce, "Alhaji, me ka gani?"

Ya ce, "Ku na gani."

An ɗan jima ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta zauna a kan ƙunshinta tana kuka a hankali, don ƙafafunta sun tuna abin da take ƙoƙarin mantawa. Sai da Alhaji ya yi wata atishawa da ta tayar da tsuntsaye daga bakin ruwa, sannan tsohuwar ta fashe da dariya cikin hawayen, sauran suka bi.

Muka dawo a hankali, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. 'Yan banga sun riga mu, sun kewaye shagon da bindigogin toka. Abokan gabar da suka kama su ne Bakari, zaune a ƙasa yana atishawa, da Ezekiya da tankinsa ya ƙare yana tambaya ko a ƙaro ruwa. Maman John tana ciki, ta kashe inji tana share shi da tsumma. Ita kaɗai ce ba ta gudu ba. Ta ce ta taɓa barin komai nata sau ɗaya ta tafi, ba ta da wani saura na sake bari.

Murtala ne ba a gani ba, shi da akwatin gem. Sai da rana ta yi sanyi wani manomi ya kawo shi a bayan keke daga hanyar Mugulbu, akwati a ka, ƙafa ba takalmi. Ya sauka a gaban jama'a ya gyara jar rigarsa, ya ce kada kowa ya yi masa mummunar fahimta, ja da baya ne na dabara.

Alhaji yana zaune a bencin Sali, an sa masa tsumma mai sanyi a ido. Murtala bai jira a tambaye shi ba.

"Kawu, ka dai ga jama'a. Japan tun da suke ba su taɓa yin gem ɗin da unguwa guda ta buga a lokaci ɗaya ba, har da mai jego."

"Cewa na yi wanda zai jawo mini mutane, Murtala. Kai har ni ka kora."

"Ƙananan gyare-gyare ne. A kashi na biyu..."

"In za ka yi kashi na biyu ka faɗa mini tun da wuri, in tafi Michika ta hanyar gaske. Yanzu shiga ka fitar wa baiwar Allah da injinta."

Murtala ya yi tsaye. Duk da halin da ake ciki, bakinsa bai iya barin yabon aikinsa ba. Ya ce ai wannan inji ba ya fita, ko an kawo giwa.

"Wa ya kafe shi?"

"Ni, Kawu. Da hannuna."

"To ka hutar da ni, ka riga ka yanke hukunci da siminti."

Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi, ya miƙa wa Maman John. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya saka wa Baba Alhaji, ya kuma saka wa Murtala da ya yi aikin gini kyauta. Ba a watse ba sai ga iska mai sanyi, ruwan farko ya sauko, na gaske, ba tari ba komai. Muka fake a cikin shagon niƙa.

Kujerar ba ta fita ba, don walda ta kama. Wata rana wata tsohuwa mai ciwon baya ta zauna a kai tana jiran garinta, inji yana aiki. Da ta tashi sai ta miƙe sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Kafin damina ta yi nisa mata suna tsallake injinan unguwarsu su zo namu, har daga Betso ake zuwa ranar kasuwa. Lungu ya cika, Sali ya ƙara benci. Ni ma nakan aika a auno mini dawa don in samu hawa, yana taimakon ƙugu, ko da yake bai dawo mini da sunayen garuruwan nan ba. Abin da na rage a labarin nan mantuwa ce ta ci, abin da na ƙara kuma a yafe wa tsoho.

Dokar Maman John ɗaya ce: sai wanda ya kawo niƙa zai hau. Ba ta cire kowa ba, har mai ƙirar. Shi ya sa in ka bi lungunmu da hantsi za ka ga Murtala a layi tsakanin mata, rungume da kwanon dawar gyatumarsa, yana jiran a zo kansa. Yana yi musu bayanin abin da kashi na gaba na injin niƙa yake buƙata: wanda zai tankaɗe da kansa, ya tuƙa tuwon, ya san hannun mai shi. Sai dai yanzu ƙasa-ƙasa yake magana, yana satar kallon eriya, kada Japan su ji.